Masaukin Kawu Ubale a Busan

Kawu Ubale ya zo Jidda ta ruwa yana ɗan shekara goma sha tara. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Maiwurno. Jirgin da ya ɗauko shi daga Sawakin ya sauke shi a tashar jiragen ruwa, kuma a nan tashar ya fara neman abinci. Shekara goma sha huɗu yana dakon buhunan shinkafa da sukari da siminti, har ranar da wani abu ya ce ƙas a bayansa, ya kwanta wata uku. Da ya tashi bai sake iya ɗaga buhu ba, sai ya koyi tuƙi.

Ni maƙwabcinsa ne a Nuzla, wata unguwar talakawa a Jidda, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuwa shi ya ba ni da bakinsa, guntu-guntu, don ba mai yawan magana ba ne.

Tuƙi ne ya haɗa shi da Amm Abdulghani, kamar a ce Baffa Abdulghani, wani attajirin dardumomi mai shago a tsohon gari da gida a Abhur, bakin teku. Attajirin ya zama kafilinsa, wato iƙamar Kawu, takardar izinin zama a ƙasar, da ta matarsa Hafsa da ta 'yarsu Ilham duk a ƙarƙashin sunan tsohon suke. An ɗauke shi a matsayin direba, amma bayan rasuwar uwargidan sai girki ma ya dawo hannunsa, domin tsohon ya ƙi abincin duk 'yan aikin da aka kawo. Saliƙ yake so, shinkafar nan da ake dafawa da romon kaza da madara har ta narke, kuma sai in Ubale ne ya tuƙa ta. Haka suka yi shekara ashirin da bakwai. Kawu yana kwana shida a Abhur, Juma'a ya zo Nuzla ya ga iyalinsa, Asabar da sassafe ya koma.

Da ciwon hanta ya kama tsohon, 'ya'yansa suka yi ta yawo da shi asibitoci, har wani ya ce musu akwai likita a Koriya, a wani birni da ake kira Busan, wanda ya ƙware a irin wannan aikin. Babban ɗan, Raed, ya shirya komai. Tsohon ya ce ba inda za shi in ba da Ubale ba. Aka buga wa Kawu biza a matsayin mai jinya.

Ranar da zai tafi na taya shi ɗaure jaka. Hafsa ta cusa masa kanumfari da hel na ƙamshin gahawa da busasshen lemun tsami a cikin safa, ta ce, "Abu Ilham, ka ce kwana nawa?"

"Raed ya ce sati biyu."

Ilham ta kawo masa wata rigar sanyi da ta saya a gwanjo. Ita haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ta nuna masa yadda zai yi magana a waya ta juya zuwa yaren Koriya. Ya gwada sau biyu, ya ce halas, ya gane. Bai gane ba.

Sun sauka Busan a ƙarshen kaka, sanyi ya fara shiga ƙashi. Otal ɗin da Raed ya kama a intanet yana bakin teku, dogo ne, gilashi tun daga ƙasa har sama. Hoton ruwan ne ya ruɗe shi, ya ɗauka mahaifinsa zai ji kamar yana Abhur. Bai duba nisa ba. Asibitin yana tsakiyar birni, kuma da safe in motoci suka cushe sai a yi sa'a guda da rabi a hanya. Tsohon yana zaune a bayan tasi yana nishi, kowane rami ya ji shi a cikinsa. Kwana na uku ya yi amai a motar, direban ya yi ta faɗa da yaren da ba wanda ya ji.

Sai kuma abinci. Kawu ya ce da safe akan jera kwanuka sun fi hamsin, amma in ya nuna wani ya tambaya, sai ma'aikaciyar ta duba wayarta ta ce akwai alade a ciki, ko an dafa da giya. Kwana huɗu tsohon bai ci komai ba sai burodi da ruwan shayi. Kawu ya sayo ƙaramin risho na lantarki ya kunna a banɗaki zai dafa shinkafa, wata ƙararrawa ta ɗauki kuka a rufin ɗakin, ma'aikata uku suka shigo a guje. Sun yi ta sunkuyar da kai suna ba da haƙuri, amma da rishon suka fita.

Likitoci suka gama gwaje-gwaje suka ce jikin tsohon bai da ƙarfin da za a yi masa aiki yanzu. Sai ya yi ƙiba kaɗan, ya riƙa zuwa ana sa masa magani sau uku a mako, nan da wata ɗaya a sake dubawa. Raed ya tsaya a barandar asibitin yana ta waya. Da ya gama ya zo wurin Kawu.

"Amm Ubale, ni dole in koma. Shago ba kowa, kuma yara suna jarrabawa. Mish'al zai zo ya karɓe ni." Mish'al ƙaninsa ne.

"Yaushe zai zo?"

"Kwanan nan, in Allah ya so. Kai dai ka nemo muku wuri kusa da asibiti, mai kicin. Tafintan asibiti zai taimake ka."

Tafintan wani saurayi ne Bamasare, ɗalibi, mai marasa lafiya takwas a wuyansa. Ya rubuta wa Kawu jimla uku a takarda da rubutun Koriya: ina neman ɗaki na wata ɗaya, mai wurin girki, wanda keken mara lafiya zai iya shiga. Ya ce masa ya nuna wa duk wanda ya gani a bakin ƙofa.

Kwana uku Kawu yana yawo da wannan takarda. In ya kai tsohon ɗakin magani aka sa masa ruwa, yana da sa'a huɗu. Sai ya fita ya bi titunan da ke kewaye da asibitin, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga kwana da fitilun hanya don kada ya ɓace, tunda bai iya karanta ko alama ɗaya ba. Manyan otal-otal sun ce ba a girki. Ƙananan kuwa, wasu sai an hau matakala ashirin kafin a kai ƙofa. Wani ɗakin da aka nuna masa babu gado, shimfiɗa ce a ƙasa, kuma tsohon in ya kwanta a ƙasa ba mai iya tayar da shi, balle Kawu da bayansa. Ya shiga wani gida mai jajayen fitilu da labule a bakin gareji, matar da ke zaune a bayan taga ta nuna masa farashi na awa-awa, ya gane irin wurin, ya fito yana istigfari. A wurare biyu ko takardar ba a karɓa ba. An dube shi daga sama har ƙasa, aka gicciye hannu biyu a ƙirji, alamar babu.

Ya ce mini abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙamshi. Lungunan cike suke da gidajen abinci, tururi yana fitowa ta kowace ƙofa, mutane a zaune suna gasa nama a tsakiyar tebur suna dariya. Shi kuwa yana tafe da yunwa, ayaba biyu da dafaffen ƙwai a aljihun rigar sanyi, ya rasa inda zai zauna ya ci. A ƙarshe a kan bencin tashar bas yake ci.

Ranar Juma'a tafintan ya kwatanta masa masallaci. Yana can gefen gari, sai an shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa an wuce tasha goma sha wani abu. Kawu ya ɗebi 'ya'yan carbinsa yana ja ɗaya a kowace tasha har ya isa. Bayan salla ya tarar da wani shagon ɗan Pakistan a gefen masallacin, ana sayar da kajin halal daskararru. Ya sayi uku, duk da bai san inda zai dafa su ba. Mai shagon yana jin Larabci kaɗan. Da ya ji daga Jidda Kawu yake, ya ce akwai wani tsoho Bakoriye mai gidan haya a bayan asibitin nan, ya taɓa aiki a Saudiyya, yana son Larabawa. Ya zana masa hanya a bayan kwali.

Gidan yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga, tafiyar minti bakwai daga ƙofar asibitin. Kawu ya wuce bakin lungun sau uku a yawonsa bai lura da shi ba. Mai gidan, Yun, ɗan siririn tsoho ne mai furfura, ya haura saba'in. Ya karanta takardar, ya ɗaga kai ya ce, "Saudi?"

Kawu ya ce, "Jidda."

Tsohon ya tafa hannu. "Jidda! Sadiƙ! Yalla, yalla! Moya mafi, harr katir!"

Ashe yana saurayi ya yi shekara huɗu yana aikin titi a Jidda, lokacin da kamfanonin Koriya suka cika garin. Larabcin da ya rage masa bai fi kalma talatin ba, kuma duk na wurin aiki ne: zo, tafi, ruwa, zafi, gobe, aboki, babu damuwa. Kawu ya ce tun da ya sauka ƙasar, ranar ce ya fara jin ƙafarsa ta taka ƙasa.

Ɗaki ɗaya ne a ƙasa, da ɗan kicin mai murhun gas ɗaya. Babu gado, amma Yun ya kira wasu maƙwabta suka sauko da gadonsa na kansa daga bene. Ƙasar ɗakin tana da ɗumi, ana hura ta daga ƙarƙashi, nan Kawu ya shimfiɗa bargo kusa da gadon. Matar Yun ta kawo tukunya, Kawu ya yi ta kwatance da hannu yana nuna hoton alade a waya yana girgiza kai, har ta gane, ta je kasuwa ta sayo sabuwa fil da ludayi.

Amm Abdulghani da aka turo shi cikin lungun ya dubi wayoyin wuta da kwandunan kabeji a bakin ƙofofi, ya ce, "Ya Ubale, Nuzla ka kawo ni?"

"Nuzla ta fi nan faɗi, ya Ammi."

Tsohon ya yi dariya, ta farko tun da suka zo.

A ranar Kawu ya dafa saliƙ. Shinkafar ƙasar gajera ce mai danƙo, sai ta zo daidai, ta narke fiye da wadda yake saya a Jidda. Tsohon ya ci cokali tara. Kawu yana ƙirgawa. Washegari ya ci goma sha biyu. Raed ya bugo aka gaya masa, ya ce masha Allah, Mish'al yana nan tafe.

Sati biyu abubuwa suka yi kamar za su gyaru. Yun ya raka Kawu babbar kasuwar kifi ta bakin tasha, inda mata masu jan atamfar roba suke sayar da kifi da rai a cikin bahon ruwa. Daga nan ana hango ƙugiyoyin ɗaga kaya da jiragen dakon kwantena. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya nuna wa Yun bayansa, ya nuna tashar. Yun ya ɗaga hannunsa na hagu, yatsu biyu babu, ya ce, "Jidda." Suka sayi kifi suka koma.

Yun ya kuma nuna masa wani ɗan shago a bakin lungu inda wata mata take sayar da faten shinkafa da kifi, babu nama a shagon ko kaɗan. Nan Kawu ya samu wurin zama ya ci abinci kamar mutum. Matar takan ajiye masa ƙananan kwanuka na kabeji mai tsami da yaji, tun yana ture su gefe har ya fara taɓawa. Ba su taɓa yin magana ba. In ya gama ya ajiye kuɗi, ta sunkuyar da kai, shi ma ya sunkuyar.

A sati na uku cokulan suka fara raguwa. Bakwai, biyar, uku. Idon tsohon ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmi. Kawu ya canza girki. Ya yi romon kifi, ya yi shorbar alkama, ya hau jirgi ya koma shagon masallaci ya samo dabino. Tsohon yakan ɗanɗana don kada ya ɓata masa rai, ya kau da kai. Abincin sai ya tashi a banza, Kawu ya kai wa matar Yun, don shi ma ya daina iya ci.

Likitan ya kira tafinta ya ce maganar aiki ta wuce. Ya ce a kira iyali. Kawu ya buga wa Raed, Raed ya ce Mish'al bizarsa ta samu matsala, shi kuma zai nemi jirgi. Tsohon ya ƙi kwanciya a asibiti, ya ce a mayar da shi lungu.

Wata safiya, dusar ƙanƙara ta ɗan zuba a kan rufin gidaje, Kawu yana goge masa jiki da tawul mai ɗumi, tsohon ya riƙe masa hannu.

"Iƙamarku yaushe za ta ƙare?"

"Bayan Ramadan, ya Ammi."

"Na yi sakaci. Tun ina da lafiya ya kamata in mayar da ku kan sunan Raed, in sa ya yi mini alkawari a gaban mutane. In ya zo ka tuna mini."

"Sai ka warke, ya Ammi. Wannan ba maganar yanzu ba ce."

"Ka tuna mini, na ce."

Raed ya iso bayan kwana biyu, da hantsi. Ya tarar da mahaifinsa ba ya gane kowa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da jakarsa, ya dubi bargon da ke ƙasa da tukunyar da ke kan murhu da kayan da aka shanya a igiya, ya ce, "A nan kuka ajiye shi?" Aka kira motar asibiti, ba ta iya shiga lungun ba, sai a kan gadon ɗauka aka fito da shi, Yun yana gaba yana kawar da kwanduna. Washegari bayan azahar tsohon ya cika.

Kwana biyar aka yi ana takardun ɗauko gawa. Raed ya koma otal. Kawu ya zauna a ɗakin shi kaɗai, gadon babu kowa. Ranar tafiya ya wanke tukunyar ya miƙa wa matar Yun, ta ƙi karɓa, ta naɗe ta a jarida ta tura masa cikin jaka. Yun ya raka shi har bakin titi yana ta neman kalma a cikin talatin ɗinsa. A ƙarshe ya ce, "Bukra, sadiƙ. Bukra." Gobe ke nan. Ita kaɗai ya samu.

Kwana arba'in da ɗaya Kawu ya yi a Busan. Ya dawo ya rame, rigar sanyin tana lilo a jikinsa. An yi jana'iza a Jidda, ya tsaya kwana uku yana zuba wa masu ta'aziyya gahawa.

Bayan wata biyu magada suka sa gidan Abhur a kasuwa. Raed ya kira Kawu falo, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi, abin da ba a taɓa yi ba. Ya gode masa ƙwarai. Ya ce kowannensu yana da direbansa, kuma ba su da gurbin ƙarin ma'aikaci a takardunsu, amma ba za su hana shi komawa hannun wani kafili ba, duk wanda ya samu a kawo takarda su sa hannu.

Na tambaye shi, "Kawu, ba ka gaya masa abin da tsohon ya ce ba?"

"Wa ya ji? Ni da shi ne a ɗakin."

"Ko da haka, ai da ka faɗa."

"Mutum yana kukan ubansa in ce masa ubanka ya bar mini wasiyya? Sai ya ce na ƙirƙira. Tun maganar ɗakin nan ba ya kallon idona."

Ya nemi kafili. Duk unguwa mun taya shi nema, har limamin masallacinmu ya yi magana da mutum biyu. Ba wanda yake son direba ɗan shekara sittin da ɗaya mai ciwon baya da iyali a kan takardarsa. Komawa Sudan kuwa babu hali, yaƙi ya kai yankinsu, 'yan'uwansa sun watse, ƙanwarsa ɗaya ma har yau ba a san inda take ba. Ramadan ya wuce, iƙama ta mutu. Ilham tana aiki a wani shagon gyaran amare, mai shagon ta ce ta zauna a gida har a gyara takardu. Wani yaro ɗan mutunci, Abdallah, da iyayensa suka fara zuwa neman aurenta, su ma sun ce a dakata tukuna.

Yanzu Kawu yana girki a bayan wani ɗan gidan abinci na wani Bayamane a nan Nuzla, ta ƙofar baya yake shiga, ta nan yake fita. Ba ya leƙowa gaba inda masu ci suke, ba ya kuma ƙetare babban titi, saboda motar masu duba takardu. Mutumin da ya san kowace kwana daga nan har Abhur, yau wata takwas bai riƙe sitiyari ba.

Shekaranjiya Hafsa ta tashi da jiri, ta faɗi a bakin famfo. Kawu ya tsaya da waya a hannu yana tunanin asibitin da za su karɓe ta ba tare da sun tambayi kati ba. Ni na ɗauke ta a motar ɗan'uwana na kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi. Hawan jini ne, an ba ta magani, ta dawo. Shi bai bi mu ba. Da muka dawo na same shi zaune a kan dakalin ƙofar gida, a inda muka bar shi, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya tashi ya kama ta suka shiga ciki, sannan ya fito ya ce mini la'asar ta yi, mai gidan abinci yana jiransa, albasar dare ba a yanka ba.